Famfon da Ke Rawa a Kan Besin: Ƙarfi Ba Ya Zaunar da Shi

Duk wanda ke shiga gidajen zamani a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san wannan famfon. Ka kama kansa za ka murɗa, sai gangar jikinsa gaba ɗaya ta biyo hannunka. Mutanen gidan sun riga sun saba, hannu ɗaya ya danne gindin, ɗaya ya buɗe ruwan, baƙo ne kaɗai ke mamaki. Akwai shi a gidan haya, akwai shi a otal da ofis da asibiti, har da gidan da aka kashe miliyoyi wajen tayil da fitilu. Idan aka kira mai gyaran famfo, sai ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin besin ɗin, ya ƙara ɗaure noti, a sallame shi. Kafin wata ya zagayo famfon ya koma rawarsa.

Yana komawa ne domin tun farko ba notin ne ya yi laifi ba. A mafi yawan lokuta wurin da famfon ya zauna ne ba daidai ba. Gindin famfo shafaffe ne, an yi shi don ya kwanta a kan shafaffen wuri, notin da ke ƙasa shi ma haka. Idan saman besin ɗin ya ɗan karkace, ko ƙasansa yana da tudu da kwari, to famfon zai dafa gefe ɗaya ne kawai, ɗaya gefen yana lilo, kamar tukunyar da aka girka a murhun da dutsensa ɗaya ya gaza tsawo. Kowace murɗawa tana ɗan motsa shi, kowane motsi yana sassauta notin, har a koma gidan jiya.

Daga ina karkacewar take zuwa?

Besin ɗin tangaran ba yanka shi ake yi da inji kamar ƙarfe ba. Yumɓu ake damawa ya yi ruwa-ruwa, a ɗura shi a mazubin filasta, filastar ta tsotse ruwan, a fitar da shi ya sha iska, a fesa masa abin da ke sa shi ƙyalli, sannan a gasa shi da zafin da ya kai kimanin digiri 1,200 a ma'aunin Salshiyas. Tsakanin bushewa da gashi yana motsewa da kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansa, kuma ba lallai kowane sashe ya motse daidai da ɗan'uwansa ba. Shi ya sa ko a manyan masana'antu ake tantance kayan bayan sun fito daga wuta, a ware na ɗaya, a ware masu ɗan aibi a sayar da su da rangwame. Yawancin besin ɗin da ake jibgewa a Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da Kasuwar Dei-Dei ta Abuja daga waje suke zuwa, musamman daga China, inda garuruwa irin su Chaozhou da Foshan suka shahara da wannan sana'a, kuma ana samun kowane aji a cikinsu. Mai saye yakan duba launi da fasali da ƙyalli. Da wuya ka ga ya kifa besin ɗin ya shafa ƙasan ramin famfon da yatsa, alhali nan ne aikin yake. Ƙasan ba shi da santsin sama. Sau da yawa akwai ɗan tudun da mazubi ya bari, ko yumɓun da ya taru a bakin ramin lokacin da aka huda shi yana ɗanye, ko kuma kaurin bayan ya fi na gaban.

Sai batun faɗin ramin. Besin mai rami ɗaya galibi an huda shi ne don famfon nan mai haɗa ruwan zafi da na sanyi, kuma faɗin ramin yakan kai kimanin milimita 35. Mu kuwa a yawancin gidajenmu famfon ruwan sanyi kaɗai ake ɗaurawa, mai wutsiyar rabin inci, wadda kaurinta daga waje bai wuce milimita 21 ba. Ka ga an bar sarari na kusan milimita 14 da wutsiyar za ta riƙa yawo a ciki. Ɗan notin da ke zuwa da famfon kuma da ƙyar yake kama bakin ramin. Wani lokaci gefensa ɗaya ma ya faɗa cikin ramin, ya zauna a karkace, mai ɗaurawa bai gani ba domin da laluben hannu yake aikin.

Akwai kuma inda besin ɗin kansa ne ya sunkuya. An kafe shi a bangon bulo mai rami, an cusa 'yar robar da ake kira fisha a siririn fatar bulon, an ɗaure. Nauyin besin da ruwa kaɗai ba zai tumɓuke ta ba, amma mu muna da wata al'ada da waɗanda suka zana besin ɗin ba su yi lissafinta ba, wato ɗora ƙafa a ciki a wanke lokacin alwala. Ƙara da yaran da ke rataya a bakinsa don su kai ga ruwa, da bokitin da ake jinginawa a kai ana tara ruwa da guntun tiyo da aka cusa a bakin famfon. A hankali gaban besin ɗin zai sauka, ruwan da ya fantsama ya daina gangarawa ciki, ya riƙa kwanciya a gindin famfo. A ganina duk mai gina gida a ƙasar Hausa ya kamata ya sa famfo na ƙasa, daidai gwiwa, don wanke ƙafa da cika buta. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma zai tsare besin ɗin shekaru masu yawa.

Matsala ta ƙarshe ita ce ta wurin wanke hannu da magina ke zubawa da kankare su manna masa tayil, irin na gidajen abinci da makarantu da wasu masallatai. A nan sau da yawa ramin yakan faɗo daidai mahaɗar tayil biyu da ba su yi kai ɗaya ba, gindin famfon ya hau kan ɗaya ya bar ɗaya, ƙasa kuwa kankare ne gurzau kamar yadda aka cire katako aka bar shi.

Gyaran da ke ƙara ɓarna

Magani na farko da hannu ke kaiwa shi ne ƙarfi. A kawo babbar sifana ko filaya, a murɗa har sai jijiyar wuya ta tashi. Tangaran yana da tauri amma ba ya lanƙwasa. Idan noti ya zauna a karkace, duk ƙarfin da aka sa yana taruwa ne a ɗan wurin da ya taɓa, kuma daga nan tsaga ke tashi. Wani lokaci a ji ƙarar nan take. Wani lokaci siririn layi ne kamar gashi wanda ba za a lura da shi ba sai bayan makonni, lokacin da datti ya shiga ya yi baƙi, mai aikin kuma ya daɗe da karɓar kuɗinsa. Idan besin ɗin ya tsira, to notin ne zai tafi, na roba ya tsage, na ƙarfe mara kyau tiredinsa ya cinye.

Na biyu shi ne a cika ramin da siminti ko da gam mai ƙarfi, a binne noti da wutsiya gaba ɗaya. Famfon zai tsaya cak, ba musu. Amma famfo abu ne da ke mutuwa, musamman da ruwan rijiyar burtsatse mai yashi, kuma ranar da za a canza shi sai an sa guduma da kurfi, besin ɗin kuwa ba ya jure guduma. An sayar da besin na dubban nairori don a huta da aikin rabin awa.

Na uku shi ne a yanko robar tiyub a naɗe wutsiyar da ita, ko a lafta farin tef ɗin nan na masu famfo har ya yi dunƙule. Wannan tef, wanda aka yi da sinadarin da Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont na Amurka a 1938, amfaninsa shi ne toshe ƙofofin da ke tsakanin tiredi da tiredi, kuma santsi ne da shi ƙwarai. Abin da ke da santsi ba zai hana komai juyawa ba. Wanda ya naɗa shi a inda noti zai kama ya taimaka wa notin ne ya warware.

Riƙo daga ƙasa, toshiya daga sama

Gwanayen wannan sana'a, kuma muna da su, sun san cewa aiki biyu ne a wuri ɗaya, kowanne da kayansa. Riƙe famfo aikin ƙasa ne, na noti da washa. Hana ruwa bi ta ramin aikin sama ne, na zoben roba da silikon. Wanda ya nemi silikon ya riƙe masa famfo zai sha kunya, haka wanda ya nemi noti ya tare masa ruwa.

Ana farawa da rufe ruwa, daga ɗan makunnin da ke jikin bango ko daga tanki, a kashe hita idan akwai, a kwance famfon gaba ɗaya a fito da shi. A kankare tsohon silikon da tsatsa da farin gishirin da ruwa ya bari, a goge wurin ya bushe. Sai a ɗora lebur ɗin magina, mai kumfa a ciki, a kan besin ɗin, daga hagu zuwa dama, da kuma daga bango zuwa gaba. Idan besin ɗin ne ya sunkuya, shi za a fara gyarawa: a sauke shi, a cika ramin bulon da kwaɓin siminti a daidai inda kusoshin za su shiga, a bari ya kama, a sake hudawa, a tabbatar ƙafar besin ɗin, idan mai ƙafa ne, ta taka daɓe sosai. Sauke shi ma wata riba ce, domin ɗaura famfo a besin ɗin da ke kife a kan buhu a tsakar gida ya fi sauƙi da kyau nesa ba kusa ba a kan yin sa a kwance a ƙasa cikin duhu. Sabon besin kuwa bai kamata ya hau bango ba sai famfonsa na jikinsa.

Daga nan a zura famfon haka nan, ba roba ba noti, a tsayar da shi yadda ake so ya tsaya, a haska fitilar waya ta bayansa. Inda haske ya ɓullo ta ƙarƙashin gindin, nan giɓin yake. A yi haka a ƙasa ma, a tura faffaɗar washa ta hau wutsiyar har ta taɓa tangaran, a duba gefen da ya taɓa da wanda ya rage. Wannan dubawar ta minti biyu ita ce mafi yawan masu gyara ke tsallakewa, kuma ita ce ke faɗa maka irin maganin da za ka yi.

Idan giɓin ƙasa kaɗan ne, milimita ɗaya ko biyu, roba mai kauri ta isa. Tsarin shi ne roba ta fara taɓa tangaran, sai faffaɗar washa ta ƙarfen da ba ya tsatsa ko ta roba mai tauri, sannan noti. Robar tana shigewa cikin tudu da kwarin, washar tana raba ƙarfin notin ya bazu, kuma dole ta fi ramin faɗi sosai. Idan wutsiyar tana yawo a ramin, a sa mata zobe ya cike sararin. A Ingila ana sayar da wata washa mai wuya da aka yi musamman don wannan. Inda ba a same ta ba, guntun bututun roba da aka yanka daidai kaurin besin ɗin, wanda ya shige ramin ya rungumi wutsiyar, yana yin aikin.

Idan ƙasan ya gangara ne, baya ya fi gaba kauri, to sai a yi washa mai kauri a gefe ɗaya da siranta a ɗaya. Ana iya yanko ta daga farin allon roba na yanka nama da albasa, a huda tsakiya, a goge gefe ɗaya da samfefa ko zarto, ana gwadawa ana ƙarawa, har fuskarta ta sama ta bi gangarar, ta ƙasa ta zama shafaffiya. Katako yana yi, amma a wurin da ke da laima yakan kumbura ya ruɓe, gara kuma ba ta raina shi.

Inda ƙasan ya yi muni ƙwarai, kamar na kankare, akwai dabarar da na fi yarda da ita. A samo gam ɗin nan mai kala biyu da ake murzawa da yatsu kamar ƙullu. A shafa wa wutsiyar famfon man girisi ko a naɗe ta da leda don kada gam ya kama ta. A zagaye bakin ramin ta ƙasa da gam ɗin, a tura washa, ita ma da leda a fuskarta, a ɗaure noti da yatsu kawai, famfon yana tsaye daidai, a bar shi ya daskare. Idan ya bushe an sami sabon mazauni shafaffe wanda ya yi daidai da wannan besin ɗin shi kaɗai. Sai a cire ledar, a sa roba da washa da noti kamar kullum. Bambancin wannan da binne famfo a siminti shi ne gam ɗin ya gyara besin ne, bai taɓa noti ba, ranar canji ana kwancewa da sifana.

Ɗan tudun da mazubi ya bari a ƙasa ana iya rage shi a hankali da dutsen wasa wuƙa, da ruwa. Saman tangaran mai ƙyalli kuwa ba a taɓa shi da abin gogewa, domin ƙyallin nan shi ne rigarsa. Besin ɗin dutse, giranit ko mabul, shi ana iya goge masa mazauni, amma aikin masu dutse ne da kayansu. Sinkin ƙarfe mai siranta matsalarsa daban ce, ba ya fashewa sai dai ya lotsa, don haka faranti mai tauri ake sa masa ta ƙasa ya ɗauke nauyin.

A sama, zoben robar da ya zo da famfon shi ne na farko, kada a jefar da shi. Idan akwai giɓin da ya fi ƙarfinsa, a zagaya siririn silikon a ƙarƙashin gindin kafin a zaunar da shi, irin na banɗaki mai maganin fumfuna. A kan mabul a guji silikon mai warin tsami, domin tsamin yana cin dutsen, a nemi wanda ba shi da wannan wari. Abin da ya fito ta gefe a share da jiƙaƙƙen yatsa, kuma a bar shi awa 24 kafin ruwa ya taɓa shi. Wannan jiran yana da wuya a gidan da banɗaki ɗaya ne, amma silikon ɗin da aka jiƙa ana motsa famfon tun bai kama ba kamar ba a sa ba ne.

Ɗaurin kansa ba ya son gaggawa. Mutum ɗaya ya riƙe famfon a sama, bakinsa yana kallon magudanar besin, ɗaya ya murɗa notin da yatsu har ya tsaya, sannan a ƙara kwata ko rabin zagaye da sifana, a gwada. Akwai doguwar sifana mai kai mai juyawa da aka ƙera don wannan lungun, kuma mai gyaran da ke da ita a jakarsa ya nuna ya ɗauki sana'arsa da muhimmanci. Famfo mai kusoshi biyu ana ɗaure su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can. Tiyon nan mai saƙar ƙarfe da ke kawo ruwa daga bango yana da robarsa a cikin notinsa, ba ya buƙatar tef, kuma kada ya zama a miƙe ƙam ko a murɗe, domin gajeren tiyo yana jan famfo gefe dare da rana. Kafin a haɗa shi a saki ruwa a bokiti ya wanke yashin da ke bututu.

Abin da za a duba a kasuwa

Araha ba ta ado. Famfon tagulla yana da nauyi a hannu, kuma idan ka leƙa cikin wutsiyarsa za ka ga ruwan ɗorawa. Mai arahar galibi haɗin tutiya ne da aka yi wa fenti mai walƙiya, cikinsa toka-toka, ba shi da nauyi, kuma wutsiyarsa takan karye a cikin noti. A duba tsawon wutsiyar ma, domin idan za a ƙara roba da washa mai kauri, ko kuma wurin kankare ne, gajeriya ba za ta kai ba.

Tiredin bututun da muke amfani da shi a Najeriya na Ingila ne, wanda ya samo asali daga tsarin da Joseph Whitworth ya fitar a 1841, kuma mun gaje shi tun zamanin Turawa, lokacin da ruwan famfo ya fara shiga Kano daga Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Haƙoran wannan tiredi suna da kusurwar digiri 55, na Amurka kuwa 60. A rabin inci dukansu haƙora 14 ne a kowane inci, shi ya sa famfon da aka yo tsaraba daga Amurka yakan fara shiga kamar ya dace, sannan ya cije ko ya riƙa tsiyaya. A Maraɗi da Damagaram tiredin iri ɗaya ne da namu, suna kawai ya bambanta, abin da ake kira rabin inci a Kano shi ne 15/21 a lissafin Faransa. Sai dai famfunan Faransa da yawa suna zuwa da tiyo ƙarami mai lamba 12/17, wanda sai an nemo masa mahaɗi kafin ya hau makunnin rabin inci.

Kada a raina famfon da ke rawa. Duk juyin da ya yi yana murɗa tiyon da ke ƙasa, kuma tiyon da ya gaji yakan fashe ne da dare, ko ranar da aka kunna injin ruwa ba kowa a gida, a wayi gari tanki ya ƙare a tsakar ɗaki. Ruwan da ke bi ta gindinsa yana cin notin da tsatsa, ya ruɓar da durowar da ke ƙasa, ya sa naso a bango. Kuma rawar da ɗigar tare suke tafiya, domin famfon da ba ya rufuwa sosai shi ake murɗawa da ƙarfi, ƙarfin kuma shi ke girgiza gindi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da galan 3,000 a shekara, wato sama da lita 11,000. A lissafin 'yan garuwa, jarka fiye da 450 ke nan mai cin lita 25, a garuruwan da mata ke jiran kura tun asuba.

Maigida ko uwargida, idan mai gyara ya ce ya gama, kafin a sallame shi ku kama famfon ku girgiza shi gaba da baya, ku gwada juya shi hagu da dama. Ku haska ƙasan ku ga ko akwai roba da faffaɗar washa tsakanin noti da tangaran. Ku buɗe ruwa, ku watsa kaɗan a gindin famfon, ku goga busasshen ƙyalle a ƙasa ku duba ko ya jiƙe. Sannan ku yi da shi cewa zai dawo bayan mako guda ya ƙara ɗan ɗauri, domin sabuwar roba takan kwanta bayan 'yan kwanaki.